Waƙar Da Na Katse A Bakin Inna

A ƙarshen shekarun 1980 ni matar ɗalibi ce a Landan, muna zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Dagenham, kuma duk wanda ya tambaye ni asalina sai in ce Bahaushiya ce. Ƙarya nake yi. Mu mutanen wani ƙauye ne a gindin duwatsun ƙasar Bauchi, muna da yarenmu wanda ko a lokacin tsofaffi kaɗai suka riƙe. Tun a makarantar kwana na yar da shi don kada a ce mini 'yar ƙauye, har ya zama ban da gaisuwa da sunayen abinci ba na jin komai. Ƙawayena matan likitoci ne, 'yan Kano, ni kuwa har karin harshensu na ara.

Da na haihu, maigidana ya ɗauko mahaifiyata, Inna, ta zo yi mini wankan jego. A al'adarmu, ranar suna kaka takan rungumi jariri ta rera masa sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, sai a ƙarshen waƙar ta raɗa masa sunan gida. Falo cike da baƙi, Inna ta ɗauki 'yata ta fara. Wata ƙawata ta ƙyalƙyale da dariya, ta tambaye ni wane irin yare ne wannan, ko dai mu ba Hausawa ba ne. Kunya ta rufe ni. Na ce surutan tsufa ne kawai, na karɓe yarinyar daga hannunta, na ƙara sautin kaset. Inna ta tashi ta shiga kicin tana wanke kwanukan da an riga an wanke.

Ba ta koma gida ba sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, aka kwantar da ita a asibiti wajen Whitechapel. Hausar da ta koya da girmanta ta gudu daga bakinta, ya rage yarenmu kaɗai. Likita ya ce in fassara, ai ni ce 'yarta, na kasa fassara ko kalma ɗaya. Kullum na je sai ta kama zanena tana maimaita magana guda. In ba ta ruwa ta kau da kai, in gyara filo ta yi ta hawaye. Jaririyar kuwa a wajen maƙwabciya nake barinta, wai asibiti ba wurin yara ba ne. A haka Allah ya karɓi abinsa.

Maganar ta zauna mini a ka. Bayan shekaru na je ƙauye, na sami wata gwaggona da ta rage cikin masu jin yaren, na maimaita mata yadda na ji. Ta ce Inna cewa take yi in kawo mata yarinyar ta ƙarasa waƙar. Na roƙe ta ta rera, ta ce kowane gida da nasa jerin, namu ya tafi da Inna.

Na daɗe ina ɗora laifi a kan boko da zaman Turai, alhali ni na rufe bakin uwata don a ce na waye. Duk mai sauran tsohuwa a gida da ke jin yaren kakanninsa, ya zauna ya saurara tun tana iya magana, ko da ana yi masa dariya. 'Yata ta girma, ta ji labarin, ta tambaye ni da Turanci mene ne sunanta na gida. Har yau ban ba ta amsa ba.