Shayin Rage Ƙiba na Gwaggo

Shekarar da babban ɗanta ya biya mata kujerar Makka, ina gidan Gwaggo a Gaya, na dawo hutu daga makaranta a Kano. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina firamare. Da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, ko da faɗa za ta yi.

Malama ce. Kullum da hantsi matan aure na unguwarmu kan cika tsakar gidan, ta koya musu karatu da hukuncin tsarki da salla. Ba ta da yawan dariya, kuma idan ta ce abu bai halatta ba, maganar ta ƙare. Mace ce mai jiki sosai, gwiwoyinta sun daɗe suna damunta. Da ta je gwajin lafiyar maniyyata, likita ya ce mata ta yi ƙoƙari ta rage nauyi, domin ɗawafi da Safa da Marwa da tafiyar jifa duk aikin ƙafa ne. Wannan magana ta tsaya mata a rai. Abin da take tsoro shi ne ta je ɗakin Allah a riƙa tura ta a keke.

Wata tsohuwar ɗalibarta ce ta kawo mafita. Ta yi aure a Gafasa, tana sayar da kayan yaji da magungunan mata a kasuwar Ajingi. Ta zo da wani gari kore-kore a gwangwanin madara, yana ƙamshin citta da kanumfari da na'a-na'a. Ta ce shayin rage ƙiba ne, a tafasa shi da madara, a sha safe da yamma.

Lokacin da na dawo hutu Gwaggo ta yi watanni tana sha. Ban kwana biyu ba na ga ta canza. Wata rana akuya ta hau kan turmi ta kasa sauka, Gwaggo ta yi ta dariya har da hawaye, har ta kwanta a tabarma. Bayan azahar takan yi barci mai nauyi, ita da ba ta barcin rana. Ga ci. Ta aika a sayo ƙosai, ta bi da gyaɗa, ta tambaya ko akwai sauran tuwon jiya. Ta ce gwiwar ta yi sauƙi, kuma jikinta ya fara sakewa. Ni kuwa ni na kai yunifom ɗinta na alhazai wurin tela ya ƙara masa faɗi, don ya matse ta. Ban ce komai ba. A gidanmu yaro ba ya yi wa babba maganar jikinsa, ni kuma dama magana ba ta cika fita daga bakina ba. Na ɗauka murnar Makka ce.

Da tafiya ta matso, ni aka ba haɗa kaya, saboda an san ba na hargitsa abu. Gwaggo na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana maimaita mini abin da aka faɗa musu a wurin bita. Kada a karɓi saƙon kowa, ko na ɗan'uwa ne. Kada a ɗauki goro. Duk wanda aka kama da ƙwaya ko wani kayan maye a can, ba ruwansu da tsufansa ko rashin saninsa, hukuncin yana iya kaiwa ga kisa. Ta faɗi haka tana girgiza kai, tana tausayin irin mutanen da ake yaudara.

Na jera kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da garin kunu, kowanne a ledarsa, na ƙulle. Sai ta miƙo mini wata leda babba. Sabon shayi ne da ta sa aka haɗa mata na tafiya, wanda zai ishe ta har ta dawo. Ruwan farko da aka yi ya shigo ta taga ya jiƙa gefensa, ya dunƙule. Ta ce in baza shi a faranti in ɗan gasa a kan kaskon turaren wuta, kada ya yi fumfuna a hanya.

Ina juya shi da cokali sai kaɗan ya zube a kan garwashin.

Hayaƙin ya taso mini a fuska. Cittar ta ƙone nan take, kanumfarin ma ya wuce, sai wani wari ya rage, mai kauri, mai ɗaci. Na san shi. Shi ne warin da ke tashi bayan tasha da yamma, shi ne na gindin mangwaron da ke bayan katangar makarantarmu, inda muke ɗauke kai mu ƙara sauri idan za mu wuce. Na ce a raina ba zai yiwu ba. Na ɗauko rariya na tankaɗe garin a hankali. Abin da ya rage a sama, ban da ɓawon citta, akwai 'yan ƙwayoyin iri, ƙanana, masu ruwan toka da zane-zane. Na san irin kowane kayan yaji da ke ɗakin girkinmu. Wannan ba ya cikinsu. Na sake ɗiban garin na barbaɗa a wutar da gangan. Warin bai canza ba.

"Uwata, me kike ƙonawa haka?" in ji Gwaggo daga ɗaki. "Kamar an sa wa tsumma wuta."

Na je bakin ƙofa na durƙusa da farantin.

"Ya ƙone ne?"

"A'a, Gwaggo."

"To mene ne kike kallona kamar kin ga maciji?"

"Gwaggo, wiwi ne a ciki."

Ban taɓa furta kalmar a gidan ba. Ita ma ina jin ba ta taɓa jin ta a tsakar gidanta ba.

"A'uzu billahi. A bakinki? Ke a ina kika san wiwi? Abin da aka tura ki Kano ki koyo ke nan?"

Na nuna mata 'ya'yan irin. Ta ture farantin.

"Yarinyar da ta haɗa mini shayin nan a gabana ta koyi alwala. Tashi ki sa hijabinki. Yau kasuwar Ajingi ce. A gabanta za ki maimaita, sannan ki durƙusa ki ba ta haƙuri."

A cikin bas ba ta yi mini magana ba. Carbi take ja da ƙarfi. Ledar tana ƙarƙashin hijabina, a kan cinyata, kuma duk inda motar ta rage gudu sai gabana ya faɗi. A hanyar nan na riƙa addu'ar Allah ya sa ni ce na yi kuskure. Na fi son in durƙusa a tsakiyar kasuwa in ba da haƙuri.

Mun same ta a rumfarta, kusa da layin masu gyaɗa. Tana ganin Gwaggo ta miƙe da murna.

"Lale, lale! Malama da kanta? Hajiya in sha Allahu! Ai da aike kika yi, da na zo."

Gwaggo ba ta zauna ba. Ta karɓi ledar daga hannuna ta ajiye a kan tiren barkono.

"'Yar nan ta zo mini da wata magana marar daɗin ji. Faɗa mata abin da ke cikin shayin nan, ta ji da kunnenta."

Matar ta dube ni, ta dubi hagu da dama, sannan ta rage murya. Murmushi ma take yi.

"Ɗan kaɗan ne fa, Malama. Don ya yi aiki."

"Mene ne ɗan kaɗan?"

"Ganyen nan mana. Na samari." Da ta ga fuskar Gwaggo sai ta ƙara matsowa. "Malama, tsakani da Allah, kin taɓa ganin ɗan wiwi da tumbi? Ƙanena kin san shi, da kamar buhu yake. Da ya fara sha, yanzu iska ma sai ta ɗauke shi. Da idona na gani. Na ce to ga maganin Malama. Kuma ai busawa ce ke da laifi. Wannan dafawa ake yi, kamar zogale."

Abin da ya fi girgiza ni shi ne babu mugunta ko kaɗan a fuskarta. Ta yi imani taimako ta yi. Ƙanen nata na san shi a bakin tasha. Ba ya kwana a gida, ba ya zama cin abinci, kuma ba wiwi kaɗai yake sha ba. Ita ramar kawai ta gani.

Gwaggo ta nemi wurin zama ba ta samu ba, ta zauna a kan buhun gyaɗar wani mutum.

"Da shi na yi salla," in ji ta, ba da kowa take ba. "Da shi a cikina na zauna gaban mata ina cewa wannan halal, wannan haram. Kuma da shi zan hau jirgi."

Sai ta damƙi hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Yaya! Uwata, Yaya ta Balan!"

Ƙawarta ce da ke zaune a garin Balan, tun suna 'yan mata suke tare, ta girme ta kaɗan, mu kuma Innar Balan muke ce mata. Tare suka biya kujera, amma ita tana jirgin farko. Da safiyar ranar aka kai su sansanin alhazai a Kano. Ashe da ta zo sallama, Gwaggo ta ɗebar mata rabin garin saboda ita ma tana ciwon gwiwa.

Na ciro wayar daga jakar Gwaggo na kira. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Da aka ɗauka, hayaniya ce kawai da lasifika ana kiran sunaye. Innar Balan kuma kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Na buɗe muryar wayar na riƙe ta a bakin Gwaggo.

"Yaya, ni ce. Garin nan da na ba ki, ki zubar da shi yanzu."

"Wa? Ƙara murya, ana awon kaya ne, mun kusa shiga layi."

"Garin shayi! Ki zubar!"

"In zubar? Ai yana can ƙasan jaka, na naɗe shi a zani. Jiya na sha, na yi barci kamar jaririya. Ko kin yi da-na-sanin ba ni ne? Rowar taki ta tashi?"

"Ba shi da kyau, Yaya. Akwai abu a ciki."

"Akwai me?"

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi kasuwar. Mai gyaɗa yana tsaye a kanmu yana jiran buhunsa. Ga wasu mata biyu 'yan Gaya a rumfar gaba, ɗaya ma ɗalibarta ce, ta taho za ta gaishe ta. Na ga Gwaggo ta gan su. Ta karɓe wayar daga hannuna.

"Wiwi ne, Yaya! Tabar wiwi na ba ki! Ni na ba ki da hannuna! Idan kika shiga layin nan da shi, yanka ki za su yi!"

Layin masu gyaɗa ya yi tsit. Mai awo ya tsaya da kwano a hannu. A cikin wayar ma shiru, sai lasifika. Can muka ji salati, da ƙarar zif, da Innar Balan tana ce wa wata ta riƙe mata wuri. Gwaggo ta hana ta kashe wayar. Muna ji tana tafiya tana haki, tana tambayar ina ban-ɗakin mata, har muka ji ƙarar ruwa.

"Na zubar. Har ledar. Zanin ma na bar shi a can." Sai ta ƙara da cewa, "Ke kuwa wa ya yi miki haka?"

Gwaggo ta kashe wayar. Ba ta kuma sake duban mai rumfar ba, wadda zuwa lokacin ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Na taimaka mata ta miƙe. Da muka isa gida, ita da kanta ta juye sauran garin a masai, ta bi shi da ruwa buta bayan buta. Da magariba ta aika a tambayar mata limamin unguwa hukuncin sallolinta. Ya aiko cewa babu laifi a kan wanda bai sani ba. Ta ji, amma ba ta ci abinci ba ranar.

Innar Balan ta sauka lafiya. Gwaggo ma ta tafi a jirgin da ya biyo baya, ta yi aikinta ta dawo. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne washegarin zuwanmu Ajingi.

Labari ya riga mu isowa Gaya. Na zaci babu wadda za ta zo karatu, sai ga tsakar gida ta cika fiye da kullum, har da waɗanda suka daɗe da dainawa. Gwaggo ta fito ta zauna a wurinta. Ba ta buɗe karatu ba. Ta faɗa musu komai da bakinta, tun daga maganar likita har zuwa buhun gyaɗa. Ta ce duk wadda ta ga ta yi wata dariya ko wata magana da ba ta dace ba a watannin nan, ta yafe mata.

Sai wata daga baya ta miƙe ta sa takalmi ta fita. Wata ta bi ta, wata ma ta bi. Na sunkuyar da kai, na ɗauka tafiyar ke nan.

Ba a jima ba suka fara dawowa. Ta farko ta durƙusa gaban Gwaggo, ta fito da gwangwanin madara daga cikin hijabi ta ajiye a kan tabarma. Ta biyu leda ce. Wata har da goyo a bayanta.

"Mun ga kina sha ne, Malama," in ji ta farkon, muryarta can ƙasa. "Muka ce in dai ke kika sha, ai ba sai an tambaya ba."

Gwaggo ta dubi gwangwanayen da ke jere a gabanta. Ta dubi mai goyon.

"Kina shayarwa kike shan wannan?"

Matar ta gyaɗa kai.

"Uwata," in ji Gwaggo, "ɗauko mini hijabina. Ke kuma kwanto yaron nan, mu je asibiti a duba shi."