Saniyata a Sansanin Damagarawa

A ranin da Damagarawa suka sauka a bayan garinmu, a kan hanyar da ta fito daga Babura ta nufi Kazaure, ban san komai game da yaƙi ba sai abin da na karanta a littattafan mahaifina. A cikin littafi yaƙi tutoci ne da takubba, da mazaje masu yin dogon jawabi kafin su faɗi. Namu bai zo da haka ba. Mai gari ya hau ganuwa, ya hango igwa ana jan ta, ya sauko ya ce a buɗe ƙofa, tun da ganuwar tamu ko akuya mai himma tana tsallake ta. Suka kafa sansani a fadama, suka ɗebi gero a rumbuna, suka kore shanun gari kaf zuwa cikin wani shingen ƙaya. A cikin shanun har da tawa.

Ja ce mai farin goshi, ƙahonta na hagu ya ɗan sunkuya kamar mai gaida suruki. Uwarta aka ba ni ranar sunana, ita kuma ta gaje ta. A lokacin kaka ɗan maraƙinta ya mutu, ta riƙe nononta, ta ƙi sakar wa kowa. Ni kuwa lokacin ba ni da aiki sai haɗa baitoci, ina yi wa farin wata, ina yi wa tulu, har tsintsiya ta taɓa samun nata. Sai na tsuguna a gefenta wata safiya na rera mata:

Ja mai farin goshi, sannu,
Ciyawar fadama taki ce,
Inuwar gawo taki ce,
Ki ba ni kaɗan, ki riƙe saura.

Ta saki nono. Tun daga ranar ba ta yarda da hannun kowa sai nawa, kuma sai da waƙa. Na ɗauki wannan a matsayin shaida cewa ni mawaƙiya ce, domin duk gidanmu ita kaɗai ke saurarona har ƙarshe.

Mahaucin garinmu ne ya kawo mana labari, don shi suka sa yana yi musu yanka. Ya tsaya a zaure ya ce a gaya wa tsohuwa, wato kakata, cewa mutanen nan saniya mai ba da madara suke bari, wadda ta ƙi kuwa sai tukunya. Jar nan mai farin goshi ta shuri duk wanda ya kusance ta, kuma shi dai ya ga ana nuna ta da baki.

Na fashe da kuka. Mahaifina, wanda malami ne mai taka-tsantsan, ya ce zai duba littafi ya ga hukuncin tatsar wa abokin gaba. Kaka ba ta jira littafi ba. Bafulatana ce ta ainihi, siririya kamar karan dawa, sunanta aka sa mini. Ta yafa mayafi ta ce, "Takwara, share majinar nan ki ɗauko ƙwarya."

A bakin sansani masu bindiga suka tare mu. Na ƙanƙame ƙwaryar. Sai ga wani tsoho ya fito daga wata rumfa, gajere mai tumbi, fuskarsa cike da tsagen Barebari. Shi ne mai kula da abincin sarkin yaƙinsu. Ya dube mu sama da ƙasa, ya dubi ƙwaryar, ya washe baki.

"A'a! Bayina Fulani ne suka zo gaisuwa? Madalla. Ku durƙusa daga nan."

Na fara durƙusawa da gaske. Kaka ta fizgo ni.

"Kai Babarbare," in ji ta, "wa ya yi maka huɗa a fuska ya tafi bai shuka komai ba? Matsa, uwargijiyarka za ta wuce."

Masu bindiga suka dubi juna. Tsohon ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce su bar mu, ai tsohuwar kuyangarsa ce da ta ɓata tun bara. Yaƙi yaƙi ne, amma wasan Fulani da Barebari ya girme shi, kuma babu wanda ya san yadda ake dakatar da shi.

Saniyata na ganina ta yi kuka. Hantsarta ta cika ta yi tauri, har tana tafiya a tale. Na rungume wuyanta, na tsuguna, na rera. Madara ta zubo da ƙara, kumfa ya taso fari kamar audugar da aka shiɓe. Tsohon ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu ya shige da ita babbar rumfa. Ashe sarkin yaƙin nasu, wanda ake tsorata yara da shi, ciwon ciki ke damunsa, ba ya iya cin tuwo ko nama. Ya sha madarar ya ce ta fi ta sauran shanu kwanciya a cikinsa. Aka ce mu dawo gobe.

Haka muka zama masu ciyar da abokan gaba. Kowace safiya bayan na wanke allona sai mu nufi fadama, ni da ƙwarya, Kaka da sababbin baƙaƙen maganganun da ta kwana tana shiryawa. Tsohon ma yana kwana da nasa. In ta ci shi, sai ya ba ta dabino ko guntun kanwa wai sadaka ga baiwa. Ita kuma ta karɓa ta ce haraji ne.

Gari kuwa ya ɗauka. Na je ɗiban wuta gidan maƙwabciyarmu, matar maƙeri, sai ta kife kasko a kan garwashin ta ce wutarta ta mutu, ga hayaƙi na fita ta gefen kaskon. A rijiya mata suka janye gugansu daga kusa da nawa. Yara suka laƙaba wa Kaka suna uwar ɗakin Damagarawa.

Kaka ta tare matar maƙerin a bakin rijiya. "Ke, mijinki ba shi ke gyara musu linzami ba? Daga gidanmu muna jin guduma."

"Shi tilas aka yi masa, Inna."

"Mai gari da ya auna musu gero fa?"

"Shi ma tilas ce. Ku kuwa da ƙafarku kuke zuwa. Kuma kowa in ya dawo daga can fuskarsa a murtuke take, ke ko daga ganuwa ana jin dariyarki."

A nan na gane inda laifinmu yake. Duk garin kowa na yi musu wani abu, mai itace na kai itace, mai daddawa na kai daddawa ta bayan gari a lulluɓe. Amma kowa na yi yana tsaki. Mu ne muka manta da tsakin. Na gwada murtuke fuska a hanyar dawowa, sai dai Kaka na gefe tana maimaita abin da ta gaya wa Babarbare game da hancinsa, ban taɓa kaiwa ƙofar gari da fuskar ba.

Dattawa suka zo wajen mahaifina. Ina bayan zana ina jin su. Ya ce musu yana nan yana dubawa, mas'alar tana da rassa. Sai wani daga cikinsu ya rage murya ya ce akwai hanyar da gidanmu zai wanke kansa: a jiƙa filasko a zuba a madarar, sarkin yaƙi ya wuni yana zarya bayan shinge, gari ya rama.

Kaka ta leƙo kanta zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta dubi mai shawarar. "Malam, in cikinsa ya ɓaci wa za a yanka, kai ko saniyar? Kuma ni tun da aka haife ni ko ruwa ban taɓa zuba wa madara ba, balle filasko. In kana son ramuwa ga igwa can, je ka tura mata tsumma a baki."

Suka tashi suna cewa za su sake shawara.

Da gajimare ya fara haɗuwa a gabas, Damagarawa suka tuna su ma suna da gonaki. Wata safiya muka tarar ana kwance rumfuna. Tsohon ya karɓi ƙwarya bai yi tsokana ba, ya kira Kaka gefe, ni ma na matsa.

Ya ce shanu masu madara za a kora arewa, sauran za a yanka a shanya naman don guzuri. Tawa kuwa ba a san inda za a sa ta ba, tun da in babu ni ba ta da madara. Ya ce da farko sarkin yaƙi ya ce a tafi da yarinyar har da saniyar.

Kaka ta riƙe hannuna har na ji zafi.

"Kwantar da hankalinki, baiwata," in ji shi. "Na ce masa, ranka ya daɗe, in aka ɗauki yarinyar tsohuwar za ta biyo, kuma gara igwa ta fashe a tsakiyarmu. Ya yarda. Saura abu guda. Ko dai a samu wani a cikinmu da zai iya tatsarta, ko mahauci."

Na ce a bar mana ita mana, Baba. Ya girgiza kai, ya ce wannan ya fi ƙarfin mai tukunya.

Wanda aka ba mu mu koya wa ƙato ne, mai gemu har ƙirji, cikin masu harba igwa. An zaɓe shi ne don ya taɓa kiwon raƙuma. Ƙarar igwa ta kashe masa kunne ɗaya da rabin ɗayan, don haka duk maganarsa ihu ce. Ya tsuguna a gefen saniyata, na biya masa baitin farko kamar yadda mahaifina ke biya wa yara allo.

"JA MAI FARIN GOSHI, SANNU!"

Tsuntsaye suka tashi daga gawo. Saniyar ta ɗaga ƙafa ta zaunar da shi a cikin kashin shanu. Dakarun da ke ɗaure kaya suka bar kayan suka zo kallo.

Kaka ta zagaya shi tana shinshina. Ta ce warin albarushi yake, a wanke hannunsa a shafa masa man shanu. Aka yi. Ta ce layun da ke damtsensa suna ƙara, a cire. Ya ce ko sarkin yaƙi bai isa ya raba shi da layunsa ba. Tsohon ya ce to ƙaton ne zai je ya gaya wa sarkin yaƙi dalilin da zai sa ya sha ruwan kanwa har gida. Aka cire layu. Ya sake tsugunawa, ta sake shurinsa, wannan karon a gwiwa.

Can na hango mahauci zaune a inuwa yana wasa wuƙa. Bai dube ni ba. Na koma bayan Kaka na kwance zanen da na yafa a kan ɗaurin ƙirjina, baƙin saƙi ne da na daɗe ina tatsa da shi har ya riƙe ƙanshin madara. Na miƙa wa ƙaton.

Ya dubi zanen, ya dubi abokansa. "NI?"

"Kai," in ji Kaka. "Kuma ba haka ake ɗaurawa ba, ka taɓa ganin uwarka ta ɗaura ta dama? Juya. Haɗa gwiwoyinka, ba a buɗe ƙafa gaban saniya kamar mai hawan raƙumi. Tura gemun nan cikin riga, yana yi mata cakulkuli."

Wani bafade ya faɗi ƙasa don dariya, wani ya yi masa guɗa. Ƙaton ya rantse zai harbe su duka da igwa in an isa gida. Ni dai ban yi dariya ba. Na durƙusa kusa da kunnensa mai sauran rai, na ce ya jingina goshinsa a cikinta, ya daina tunanin mutanen nan, ya yi kamar jariri yake lallashi. Na tambaye shi ko yana da 'ya. Ya gyaɗa kai. Muka fara tare, ni da murya, shi da wani gurnani kamar dutsen niƙa. A hankali na janye muryata, na ja da baya na ɓoye bayan tsohon.

Ya ci rabin kalmomin, ya sa inuwar gawo kafin ciyawar fadama. Saniyata ta juyo, ta shinshina zanen, ta lashi kunnensa. Sai na ji ƙarar madara a gindin ƙwarya.

Dakaru suka yi kabbara kamar sun ci gari. Mahauci ya mayar da wuƙarsa kube. Kaka ta ce alhamdu lillahi. Ni ma na faɗa. Na so ta rayu, da zuciya ɗaya na koya masa. Sai dai na so ta ɗan ƙara jan rai. Wata da watanni ina zaton daɗin baitina ke sauko da nononta, ga shi ta sakar wa mai harba igwa da bai ma san tsarin baitocin ba.

Da za mu rabu tsohon ya ce wa Kaka, "To baiwata, na 'yanta ki." Ta ce, "Tafi, kada in sayar da kai a kasuwar Babura, ko da yake wa zai saya." Ta juya, muka kama hanyar gida.

Washegari na hau ganuwa na ga ana kora shanu arewa. Tana tsakiya, farin goshinta na ɓullowa yana nutsewa kamar wata a cikin gajimare. Na rera mata a hankali. Ta kaɗa kunne, amma lokacin ƙudaje ne, ba zan yi rantsuwa ba.

Da ruwa ya sauka kowa ya koma gona, maganar ta bi iska, matar maƙeri ma ta dawo aron turmi. Bayan girbi wani falke da ya sauka a zaurenmu ya ce a can arewa ya ga abin mamaki: wani ƙato mai gemu yana ɗaura zanen mata kowace safiya, yana yi wa wata jar saniya waƙa, yara na zaune a kan katanga suna amsa masa. Na aika a tambaye shi ko saniyar ta rame. Ya ce a'a, ta yi ƙiba, har tana da ɗan maraƙi, amma duk da haka in ba a yi waƙar ba ba ta bayarwa.