Robar da Hamma ya yanke

Shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Mubi, mahaifina yana cikin waɗanda suka fito da ƙafa. Kafinta ne, ya haura saba'in, amma har lokacin yana hawa rufi. A hanya ƙafafunsa suka ƙi. Wani maƙwabcinsa ne ya ɗora shi a baro, ya turo shi har inda suka samu mota. Da ya iso Yola, gidan babban yayana da muke kira Hamma, a Makama, bai ba kowa labarin baron ba. A bakin maƙwabcin muka ji.

Zazzaɓi ya kwantar da shi makonni. Da ya warke, cinyoyinsa sun zube, wando sai reto yake yi. Na kai shi asibiti wajen wata likita mai gyaran gaɓoɓi. Ta ce kwanciya ce ta narkar masa da naman jiki. Ta ce a riƙa ba shi wake, ƙwai, kifi da kindirmo, ta kuma rubuta wani gari na gwangwani mai amino asid, sinadaran da jiki ke gina tsoka da su. Sannan ta dube ni ta ce, "Garin nan taimako ne kawai. In ba ya motsa jiki, ba abin da zai yi masa." Ta koya masa tashi da zama a kan kujera, da jan roba, da ɗaga gorar ruwa.

Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa aka samo masa robar cikin tayar keke, ya ɗaura a ƙarfen taga. Kullum da hantsi yana ja yana haki, gumi na zuba. Tun fitowarsa daga Mubi ban ga ya yi dariya ba sai a wajen robar nan.

Ranan nan abokan aikin Hamma suka zo jaje, suka tarar da shi cikin singileti yana fama. Ɗaya ya ce, "A'a, Baba, dambe za a shiga ne?" Aka yi dariya. Suna fita Hamma ya ɗauko wuƙa ya yanke robar, a gaban Baba.

Na ce, "Hamma, likita ce fa ta sa shi."

Ya ce, "Ke rufe mini baki. So kike a ce na kawo tsoho gidana ina wahalar da shi? Ga gari nan na saya, ya sha ya huta. Gidana ne."

Baba ya koma ya zauna. Mutumin da ya rasa gidansa da shagonsa ba ya jayayya da mai masauki, ko da shi ya haife shi.

Daga nan gidan gaba ɗaya ya koma gadinsa. Ya ɗauki buta, a fizge. Ya miƙe zai ɗauko hularsa, a ce, "Zauna, Baba, zauna." Aka kawo masa kujerar salla tun bai nema ba. Gwangwani na ƙarewa ana buɗe wani, Hamma na jera fankon a kan kantar falo don baƙi su gani. Duk zuwan da na yi sai na yi magana, duk maganar da na yi sai a ce ba ni da kunya. Watanni aka yi a haka. Baba ya yi tumbi, ƙafafu kamar sillen kara.

Wata rana da azahar ina gidan, sai muka ji ƙara mai ƙarfi daga titi. A lokacin garin a tsorace yake. Mutane suka fara gudu ana ihu, "Sun shigo!" Matar Hamma ta kwashi yara ta yi waje. Baba ya yunƙura daga tabarma, ya dafa bango, ya koma daɓas. Ya sake gwadawa, ya kasa. Ya dube ni ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa nake da shi, "ku tafi. Kar wanda ya nemo mini baro."

Ashe tayar tanka ce ta fashe. Kowa ya dawo yana dariya. Ni ban yi ba.

Na haɗa kayansa, na tare keke napep. Hamma ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ina zan kai masa uba.

Na ce, "Ka ciyar da shi, ban musa ba. Amma ƙafafunsa ka ƙwace don kar abokanka su yi dariya. Da gaske aka shigo yau, da zaune za su same shi."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni. Sai Baba ya ce, "Ka bar ni in bi ta. So nake in riƙa kai kaina bayi."

A ɗan gidana na Jimeta muka faro daga farko. Likitar ta ce ya ci gaba da garin tare da abinci, motsin kuma a bi a hankali. Da wuya aka soma. Ni ma nakan zauna mu yi tare don in ƙarfafa masa gwiwa, ga ni da ƙiba, kafin a jima shi ke jirana ina haki, yana cewa, "Uwata, ke ma a damo miki garin?" Bai sake hawa rufi ba. Amma ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, yana salla a tsaye, kuma har Allah Ya karɓi ransa ba wanda ya ɗaga shi zuwa bayi.

A zaman makoki ina daga cikin gida na jiyo muryar Hamma a waje yana gaya wa maza, "Garin da na riƙa saya masa ne ya tashe shi." Sai da ƙanwar Baba ta riƙe mini hannu don kar in fita.

Yau muna gaisawa da Hamma, muna cin abincin Salla tare. Na san yana son Baba. Amma son da ya fi damuwa da idon mutane fiye da mutumin da ake so, ni na ga abin da yake yi wa tsoho, kuma har yanzu in na tuna watannin nan zuciyata tafasa take. Mutumin da ya rufa wa mutane gidaje shekara da shekaru, a ƙarshe sai da ya roƙi ɗansa izinin miƙewa tsaye. Na yafe abubuwa da yawa a gidanmu. Wannan dai ina nan ina roƙon Allah Ya ba ni iko.