Ranar Da Mista Alberto Ya Ja Ni Rawa

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, gwamnatin jiharmu ta tura mu London koyon gashin ƙashi da motsa jiki. Ni sai aka kai ni wani asibiti kusa da Stratford, ƙarƙashin shugabar sashe, Misis Doyle. Ƙa'idarta ita ce, kafin a sallami mutum sai ya taka daga ƙofa zuwa taga a gabanta. Wanda ya kasa, gidan tsofaffi ake yi masa booking.

Mista Alberto tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne daga Uruguay, ciwon kyarma ya kama shi. Yana cikin tafiya sai ƙafarsa ta kafe kamar an liƙa ta da ƙasa. Ranar gwajinsa ma haka ta faru, tun daga bakin ƙofa. Na kama hannunsa na ja.

Ya fizge. "Ɗanladi, ba a jan mutum da hannu!"

Matarsa Rosa ta buɗe ƙaramin garmaho da ta zo da shi, ta roƙi a bar ta ta sa faifan milonga. Rawar ƙasarsu ce, namiji da mace a rungume, kiɗan da sauri, kowane bugu taku guda. Misis Doyle ta dubi ƙanƙantar Rosa, ta ce, "Idan ya faɗi ba za ki iya tare shi ba. Ɗanladi zai riƙe shi."

Mista Alberto ya yi dariya. "To kai ne macen. Ɗora hannu a kafaɗata, daina kallon ƙasa. Ƙirjina zai faɗa maka inda za mu."

Kiɗa ya tashi. Wallahi mutumin nan bai tura ni ba, nauyinsa kawai ya karkato, sai ga ni ina ja da baya! Taku gajere, taku gajere, sai ya tsinka bugu ɗaya gida biyu, ƙafafuna suka bi kafin kaina ya gane. Masu jinya suka cika ƙofa.

A tsakiyar ɗaki ƙafar ta sake kafewa. Ni ma na tsaya cak.

Rosa ta ɗaga murya. "Kada ka tsaya kamar itace! Idan namiji ya dakata, mace ado take yi. Buga ƙasa da kan takalminka!"

Na shiga bugawa, kaf-kaf-kaf, daidai da kiɗan. Ya lumshe ido yana saurare. Sai na ji ƙirjinsa ya motsa, ƙafar ta saku, muka wuce har bayana ya daki taga. Ɗakin ya kaure da tafi. Ni da nake ɗalibi na manta inda nake, na yi ta ihu da Hausa.

Misis Doyle ta sa hannu a takardar sallama, ta ce wa Rosa, "Karɓi mijinki, ku ƙarasa faifan." Da ya dakata a hannunta, ta zana ɗan da'ira da ƙafa, ka rantse da gangan ya tsaya don ta yi.

Tun daga nan, duk wanda aka kawo mini, nakan fara tambayarsa abin da jikinsa ya saba yi kafin ciwo. Idan kuma ya tsaya, ba na ja. Ina riƙe masa bugun ne har ya taso da kansa.