Yadda Na Rama wa Tanimu

Ranar wata Laraba ce da damina, shekarar da nake aji huɗu a firamaren ƙauyenmu da ke gabas da Daura. An tashe mu, muna tafe gida ni da aminina Habu muna musu a kan wanda ya fi gudu, sai Tanimu ya sha gabanmu. Tanimu ba ya faɗa, aikinsa zuga. Ya durƙusa ya cika tafukansa da ƙasa, ya miƙo mana. "Wannan taka, wannan tasa. Wanda ya haifu ya zubar da ta ɗan'uwansa!" Yara suka kewaye mu suna ihu. Kunya ta kama ni, na kai hannu na buge ta Habu. Kafin a raba mu na fasa masa leɓe, na yage rigar makarantarsa, Tanimu kuwa yana gefe yana cin gyaɗa.

Daga ranar Habu ya daina biyo mini kiwon awaki. Ni kuma na ƙullaci Tanimu. Ina noma ina saƙa yadda zan rama, ina yankan ciyawa ina saƙawa. Duka ba zai ishe ni ba, so nake a yi masa dariya. Sai na tuna da Kande, yarinyar da ke dakan gero ana biyanta, wadda damtsenta ya fi cinyata kauri. Sati uku ina kai gulma: in ce mata Tanimu ya ce furarta tsami, in ce masa Kande ta ce ko akuya ba zai iya kayarwa ba. Ran da suka haɗu a bakin rijiya, ni na ɗebo ƙasar. Ta ɗaga shi ta maka a taɓo, ta zauna a kansa har sai da ya ce, "Yaya Kande, na tuba!" Wallahi har yau in na tuna sai na ji sanyi a raina.

Da kaka mahaifin Habu ya kwashe iyalinsa zuwa Mai'adua, daga can suka tsallaka Nijar, ban sake ganin Habu ba. Yanzu ta waya ake zuga, mai yi ma ba ya ganin jinin da ya jawo. Mu a da ana yi, a wanke fuska, gobe a shirya. Ni ne ban shirya ba. Na samu sati uku na ƙulla wa Tanimu, amma na rasa yini ɗaya na zuwa ƙofar gidan su Habu.