Ranar da Aka Kashe wa Sanusi Direba

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi, amma har yau in na bi ta Ƙofar 'Yandaka sai na waiwayi shagonsa, wanda yanzu takalma ake sayarwa a ciki.

Sana'arsa buga katin biki, da wata tsohuwar firinta da masu ita ma sun daina ƙerawa. Kwamfutarsa kuwa tana aiki da manhajar nan ta kyauta, wadda mutane daga ko'ina a duniya ke ginawa kamar aikin gayya. Da yake ba wanda ya damu da tsohuwar firintar, shi ya rubuta ɗan abin da ke sa kwamfuta ta iya magana da ita. Wai sunan abin direba.

Ana saura kwana huɗu bikin ɗiyar yayarmu Hajara, wanda shi zai buga katinsa, 'yan gayyar suka sauya hanyar da direbobi ke bi su shiga manhajar. Sanusi ya sabunta kwamfutarsa, firinta ta yi gum. Ko kati ɗaya bai fito ba. Ya shigo gida yana huci, yana cewa an kashe masa direba. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Ɗan wane gida ne? Mi ya yi masu?"

Sai da muka rantse mata ba mutum ba ne kafin ta cire mayafin zuwa gaisuwa.

Na ce ya koma tsohuwar manhajar ya buga katin. Ya ce wannan miƙa wuya ne. Ya zauna ya rubuta wa 'yan gayyar doguwar wasiƙa, rabinta gaisuwa, cewa ba a toshe ƙofa sai an faɗa wa maƙwabta. Wani can ƙasar Turai ya amsa masa a layi biyu: in za a bar kowace tsohuwar ƙofa, gini ba zai taɓa gyaruwa ba, ya shigo da direbansa cikin gidan, wato cikin manhajar kanta, ta yadda duk mai sauyi sai ya gyara har da nasa. Nan fa suka rabu biyu, wasu na bayan Sanusi, wasu na bayan Baturen. Katin dai bai fito ba sai da ya gyara direban, ana gobe ɗaurin aure, Yaya Hajara kuma ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa.

Daga baya ya shigar da direban, bayan an dawo masa da shi sau biyar. Sannu a hankali har aka ba shi kula da wani ɓangare na manhajar. Wata rana na tarar da shi ya murtuke fuska. Ashe shi ma ya yi nasa sauyin, na'urar wani mai kanti a wata ƙasa ta tsaya, mutumin ya aiko masa da zafafan kalamai.

"Yau kai ne mai toshe ƙofa?"

"Yaya, wannan daban ne. Wannan ci gaba ne."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma kwana biyu ya rufe shago, sai da na'urar mutumin ta tashi.

Yanzu an ce kwamfuta da kanta ke rubuta irin waɗannan abubuwa, kuma ko ka zage ta haƙuri za ta ba ka. Ina jin da Sanusi na nan, kaɗaici zai dame shi. Da wa zai yi musu?

Firintar tana wurin Madam Rifkatu, maƙwabciyar shagonsa, tana buga takardun cocinsu da ita. Ta ce har yau tana aiki, don wani da ba mu sani ba ya ci gaba da kula da direban. Kwanaki na tambayi limamin unguwarmu ko wannan na cikin sadaka mai gudana. Ya saurara da kyau.

"Kamar rijiya ke nan?"

"Kamar rijiya, Malam. Sai dai kullum ana cacar baki a bakinta."

"To wace rijiya ce ba a yi? Allah Ya kai ladan kabarinsa."

Amin.