Mai Binciken Kwaɗayi a Gaban Kek

A shagon burodin da ke kallon jami'a, wani dattijo yana tsaye gaban gilashin da ake jera kek. Farar rigarsa ta ɗakin bincike ta matse masa ciki, maɓalli ɗaya na neman agaji. Ya goya hannayensa a baya kamar mai tsoron su gudu.

Mai shagon ta raɗa mini cewa aikinsa binciken abin da ke jawo kwaɗayi a ƙwaƙwalwa. Wai ya gano in ɓera ya daɗe yana kallon kayan zaƙi bai taɓa ba, kwaɗayin kan mutu. Yanzu likita ya hana shi sukari, shi ne yake gwadawa a kansa. Ina jin a gida har gwangwanin sukari ɓoye masa ake yi.

Yana kallo yana haɗiyar yawu, mu kuwa muna layi.

"Baba, kwaɗayin ya mutu?" in ji mai shagon.

"'Yata, ni ba na so. Wani sinadari ne ke surutu a kaina."

"To, guda nawa zan naɗe wa sinadarin?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Biyu. Ɓerayena ba su taɓa ɗanɗana naki ba."